Verdicchio da kifin Tekun Adriyatik: dalilin da ya sa Italiyawa ke haɗa su

A gabar gabashin Italiya, a jihar Marche wadda ta kwanta tsakanin tsaunukan Apennine da Tekun Adriyatik, duk wanda ya shiga gidan abinci a Ancona ko Senigallia ya ce a kawo masa kifi, da wuya a tsaya dogon shawara da shi a kan abin sha, domin masu gidan sun riga sun san kwalbar da ke biyo bayan farantin. Farar giyar inabi ce mai suna Verdicchio, wadda ake noma inabinta a tuddan da ke bayan waɗannan garuruwa, tafiyar da ba ta kai sa'a guda a mota ba daga bakin ruwa. Baƙo kan ɗauka cewa gado ne kawai, wato abin da kakanni suka yi shi jikoki suke yi, wani kuma ya ɗauka cewa iyayi ne irin na masu kuɗi, waɗanda suka ƙirƙiro dokar cewa farar giya ta kifi ce, ja kuma ta nama, don su gane wanda ya waye da wanda bai waye ba. Gado yana ciki, iyayin ma ba a rasa shi a wasu wurare, amma a ƙarƙashinsu akwai dalilai na zahiri da suka shafi abin da ke faruwa a kan harshe, kuma mai girki ko da bai taɓa ganin kwalbar giya ba zai iya gane su.

Ya kamata a faɗi wani abu tun da wuri. Mafi yawan Hausawa Musulmi ne, hukuncin giya kuwa a Musulunci a bayyane yake, haramun ce, kuma wannan bayani bai zo don ya kwaɗaita wa kowa ita ba. Ta fuskar lafiya ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a watan Janairun 2023 cewa babu wani gwargwado na barasa da za a ce ba ya cutarwa. Sai dai akwai 'yan'uwanmu da ke aikin girki da hidimar baƙi a manyan otal-otal, akwai ɗalibai da 'yan kasuwa da ke zaune a Italiya, akwai kuma mai son ya fahimci yadda wata al'umma take tunani a kan abincinta. Abin da Italiyawa suka tara na sanin ɗanɗano ta wannan hanya ilimin tsami ne da gishiri da maiƙo da ƙarni, kuma wannan ilimi yana aiki a kowace tukunya.

Verdicchio sunan nau'in inabi ne, daga gare shi giyar ta samo suna. 'Ya'yansa ko sun nuna ba sa rabuwa da ɗan kore-kore, kuma inabi ne mai jinkirin nuna, sai ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ake tsinkarsa, alhali yana riƙe da tsaminsa ko da rana ta gasa shi. Wannan riƙon tsami shi ne jarinsa. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa inabin da ake kira Trebbiano di Soave a arewacin Italiya shi ne dai Verdicchio da wani suna, kuma Turbiana da ake nomawa a gefen tafkin Garda ɗan'uwansa ne na kusa ƙwarai, amma a Marche ne ya yi suna, a wurare biyu da ba su da nisa da juna amma halinsu ya sha bamban.

Na farko shi ne yankin da ake kira Castelli di Jesi, wato ƙananan garuruwa masu ganuwa da ke kan tuddai kewaye da birnin Jesi, irin su Cupramontana da Staffolo da Montecarotto da Serra de' Conti. Kogin Esino ya ratsa wannan yanki daga yamma ya nufi gabas ya faɗa teku, don haka kwarin a buɗe yake, iskar teku tana hawowa da rana, ta tsauni tana saukowa da dare. Ƙasar wurin yumɓu ce gauraye da farar ƙasa da yashi, domin a zamanin da can wurin ƙarƙashin teku yake. Na biyu shi ne Matelica, a can cikin ƙasa, inda kwarin ya miƙe daga kudu zuwa arewa tsakanin jerin tsaunuka biyu, ya juya wa teku baya, abin da ba a saba gani ba a Marche. Gonakin Matelica sun fi tudu, darensu ya fi sanyi, bambancin zafin rana da sanyin dare ya fi yawa, shi ya sa giyar can ta fi kaifin tsami da tsauri tana sabuwa, ta Jesi kuma ta fi laushi da ƙanshin 'ya'yan itace. Gonakin Jesi sun haura hekta 2,000, na Matelica kuwa 'yan ɗaruruwa ne kawai.

Italiya ta kafa dokar kare sunayen giya bisa wurin nomansu a 1963, tsarin da ake taƙaitawa da haruffan DOC, wanda yake ƙayyade iyakar yankin da nau'in inabin da yawan abin da za a girbe a kowace hekta. Matelica ta samu wannan matsayi a 1967, Castelli di Jesi kuma a 1968, sannan a 2010 aka ɗaga nau'in da ake kira Riserva na wuraren biyu zuwa mataki na sama, wato DOCG. Doka ta ce aƙalla kashi 85 cikin 100 na inabin ya zama Verdicchio, Riserva kuma sai ta yi wata 18 a ajiye kafin a fitar da ita kasuwa. Waɗannan haruffa ba sa tabbatar da cewa abin da ke cikin kwalba mai kyau ne, iyakarsu su tabbatar da inda ya fito da ƙa'idar da aka bi, kuma wannan bambanci ne da masu saye da yawa ba sa lura da shi.

Tarihin Verdicchio na baya-bayan nan ya nuna haka a fili. A 1953 wani mai zanen gine-gine, Antonio Maiocchi, ya zana wa kamfanin Fazi Battaglia wata koriyar kwalba mai siffar tulun mutanen da, mai ƙugu da siririn wuya, kwalbar kuwa ta karɓu har ta zama alamar giyar a gidajen cin kifi na Italiya da Ingila da Amurka. Da kasuwa ta buɗe, masu yin giya da yawa suka bi sahu da kwalabe masu kama da ita, aka shiga neman yawa, aka riƙa barin kuringa ta yi 'ya'ya fiye da ƙarfinta, har ya zama a shekarun 1970 an fi sanin Verdicchio da kwalbarta fiye da abin da ke ciki, wato wani abu mai ruwa-ruwa da ɗan tsami da ake sha da sanyi a manta. A shekarun 1980 ne wasu manoma suka juya akalar, cikinsu har da Ampelio Bucci wanda ya yi aiki da masanin haɗa giya Giorgio Grai, suka rage yawan girbi, suka bar inabi ya nuna sosai, suka ajiye giyar a manyan tsofaffin gangunan katako, suka kuma zuba ta a kwalba ta gama-gari don kada a haɗa ta da waccan. Abin da ya fito ya ba masana mamaki, domin an gano cewa farar giyar da aka raina tana iya shekara goma ko fiye a kwalba tana ƙara kyau, abin da fararen giya kaɗan ne a Italiya suke iyawa.

Ɗanɗanawa irin ta masu sana'ar aiki ne mai tsari, kuma ba sha ba ne, domin ƙwararren da zai gwada kwalba talatin a zama ɗaya tofarwa yake yi a wani mazubi da aka tanada. Ana zuba kaɗan a kofin gilashi mai ƙafa, wanda cikinsa ya fi bakinsa faɗi, a riƙe shi ta ƙafar don kada ɗumin hannu ya taɓa abin da ke ciki. Da farko ido ne ke aiki: a karkata kofin a kan farin ƙyalle a duba launi. Sabuwar Verdicchio launin busasshiyar ciyawa gare ta da ɗan kore a gefe, wadda ta kwana biyu kuma takan koma ruwan zinariya, idan kuwa sabuwa ce amma ta yi duhu kamar ruwan shayi, alama ce iska ta shige ta ta lalata ta. Daga nan sai hanci. A shinshina kafin a motsa, sannan a juya kofin a hankali don abin da ke ciki ya shafi bangon gilashin ƙanshi ya tashi, a sake shinshinawa. Abin da aka fi ji a Verdicchio shi ne ɓawon lemo da ɗanyen tuffa da fararen furanni, sai wani ƙanshi mai kama da na shammar, a tsohuwa kuma zuma da busasshen ganye.

Mataki na uku ne ya fi nauyi. Ana kurɓar kaɗan, a zagaya da shi ko'ina a baki, a ɗan ja iska ta tsakanin leɓɓa, domin harshe iyakarsa zaƙi da tsami da gishiri da ɗaci da garɗin nan irin na romo, sauran duk abin da muke kira ɗanɗano ƙanshi ne da ke hawa hanci ta bayan maƙogwaro, shi ya sa mai mura yake jin abinci lami. Mai ɗanɗanawa yana neman amsar tambayoyi kaɗan. Shin akwai sauran zaƙi, ko yisti ya cinye sukarin inabin duka ya mayar da shi barasa? A Verdicchio ta yau da kullum ya cinye. Yaya ƙarfin tsamin? Ana gane wannan da yawan yawun da ke taruwa a gefen harshe bayan an tofar, a Verdicchio kuwa yana taruwa sosai. Yaya nauyinta a baki, kuma barasar, wadda yawanci take tsakanin kashi 12 zuwa 14 cikin 100, tana ƙona maƙogwaro ko ta lafa a cikin sauran? Sannan me ya rage bayan an tofar, kuma ya daɗe ko ya ɓace nan take? A nan Verdicchio take da tambarinta, wani ɗan ɗaci mai daɗi irin na ƙwayar almon, tare da ɗan gishiri-gishiri da Italiyawa suke daraja shi ƙwarai.

Game da wannan gishiri-gishirin akwai maganar da ya kamata a yi hattara da ita. Masu talla suna son su ce ɗanɗanon tsohon tekun da ke ƙarƙashin gonar ne yake hawowa ta saiwa ya shiga inabi. Zance ne mai daɗin ji, amma masana ƙasa sun daɗe suna jan hankali cewa saiwa ba ta ɗauko ɗanɗanon dutse ta kai shi cikin 'ya'ya. Abin da ƙasa take yi shi ne ta ƙayyade yawan ruwan da kuringa ke samu da yadda inabi ke nuna, wannan kuma ya shafi tsami da sauran sinadarai. Ɗanɗanon na gaske ne, ana jin sa, bayanin da ake ba shi ne ya fi ƙarfin hujjarsa. Haka nan sanyi yana da tasiri fiye da yadda ake zato: sabuwa ana ba da ita a kan awo 8 zuwa 10 na ma'aunin Selsiyos, Riserva kuma 12 zuwa 14, domin sanyi mai yawa yana kulle ƙanshi, kuma ba a rasa gidajen abincin da ke fakewa da ƙanƙara don su ɓoye aibin kwalba mai arha.

To, me ya haɗa wannan duka da kifi? Abu na farko shi ne ƙarni. Kifin teku yana ɗauke da wani sinadari a tsokarsa da ke taimaka masa zama a ruwan gishiri, wanda ba shi da wari muddin kifin yana da rai, amma da zarar ya mutu ƙwayoyin cuta sukan fara mayar da shi wani sinadarin mai suna tirimetilamin, shi ne mai warin nan da ke cika kasuwar kifi. Wannan sinadari yana tashi a iska cikin sauƙi, amma idan ya haɗu da tsami sai ya koma wani nau'in gishiri da ba ya tashi, hanci kuma ya daina jin sa. Wannan ne dalilin da ya sa ake ajiye yankan lemo a gefen farantin kifi a kusan ko'ina a duniya, shi ne kuma aikin da farar giya mai kaifin tsami take yi a bakin Ba'italiye. Kifinmu na kogi da tafki, irin su tarwaɗa da karfasa, nasa warin daban ne, warin laka ne da ke zuwa daga wani sinadari da ƙananan halittun ruwa ke fitarwa, amma shi ma tsami yana karya shi, don haka uwargidan da ke wanke tarwaɗa da lemon tsami tana kan hujja ɗaya da mutumin Ancona.

Abu na biyu shi ne bauri. Bambancin farar giya da ja ya wuce launi. Ja ana barin ruwan inabin ne ya jiƙu tare da ɓawo da ƙwallaye kwana da kwanaki, ita kuwa fara ana matse ruwan a raba shi da ɓawo tun da wuri. A cikin ɓawon da ƙwallayen ne ake samun sinadarin tanin, mai kama furotin ɗin da ke cikin yawu ya bar baki a bushe, kamar yadda wanda ya tauna goro yake jin harshensa ya yi karta-karta. Jan nama mai kitse da tauri yana iya ɗaukar wannan bauri, har ma yana amfana da shi, amma tsokar kifi mai laushi ce, ɗanɗanonta kuma siriri ne, bauri yana danne shi gaba ɗaya.

Abu na uku an daɗe ana jin sa ba a san sababinsa ba. Mutane sun lura cewa wata giyar idan ta haɗu da kifi a baki sai wani mugun ƙarni mai ɗanɗanon ƙarfe ya taso bayan an haɗiye, ko da kifin sabo ne fil. A 2009 masu bincike na kamfanin Mercian a Japan, ƙarƙashin Takayuki Tamura, suka buga sakamakon gwajin da suka yi da giya iri-iri tare da naman wata halittar teku mai ɓawo, inda suka gano cewa mai laifin shi ne sinadarin ƙarfe da ke narke a cikin giyar. Ƙarfen yana saurin ruɓar da man da ke jikin abincin teku, nan take a cikin baki, ya fitar da sinadarai masu ƙarni. Da suka cire ƙarfen daga giyar sai ƙarnin ya ragu, da suka ƙara shi kuma ya ƙaru. Jar giya ta fi yawan ɗauke da ƙarfe, shi ya sa aka ɗora wa launi laifin, amma fara mai ƙarfe da yawa ita ma tana yin wannan ɓarna, ja mai ƙarancinsa kuma ba ta yi. A ganina wannan bincike ya fi duk wata doka da aka haddace amfani, domin ya nuna cewa tsohuwar ƙa'idar ta dace a mafi yawan lokuta, amma dalilin da ake ba ta ba shi ne dalilinta ba.

Ƙungiyar masu hidimar giya ta Italiya, AIS, wadda aka kafa a Milan a 1965, tana koyar da haɗa abinci da abin sha bisa ƙa'idoji biyu, wato saɓani da dacewa. Saɓani shi ne a kawo abin da zai karya abin da ya yi yawa a faranti: maiƙon da ke liƙe wa harshe a sa masa tsami ko kumfa, abinci mai gishiri ko ɗaci ko tsami a sa masa abin sha mai laushi, abinci mai ɗan zaƙi-zaƙi na halitta, irin na jatan lande da ƙaguwa da taliya, a sa masa mai kaifi. Dacewa kuma ta shafi nauyi: abinci marar nauyi da abin sha marar nauyi, mai ƙarfi da mai ƙarfi, don kada ɗaya ya haɗiye ɗaya. Idan aka bi wannan tunani za a ga cewa tambayar wane kifi ne ba ta kai tambayar yaya aka dafa shi muhimmanci ba, kuma girkin Marche ya isa shaida.

Gabar Marche ta kai kusan kilomita 180, kuma kusan kowace tashar masunta tana da nata salon miyar kifin da ake kira brodetto. Asalinta abincin masunta ne, waɗanda suke dafa abin da ya rage a koma bayan an ware na sayarwa, ƙanana da masu ƙaya da waɗanda suka fashe. A Ancona al'ada ta ce iri 13 na kifi ake sawa. Ana soya albasa da tafarnuwa a man zaitun a tukunya mai faɗi, a zuba ruwan khal a bari ya ƙone, a sa tumatir, sannan a jera kifin bisa taurinsa, mai tauri irin seppia, wata halittar teku mai hannuwa da yawa da ke buƙatar lokaci, shi ne a farko, mai laushi irin sogliola, wani faffaɗan kifi, shi ne a ƙarshe. Ba a sa ludayi a juya, sai dai a kama hannayen tukunyar a girgiza ta a hankali don kada kifin ya dagargaje, a ƙarshe a zuba a kan gasasshen burodi ya sha romon. A Fano tumatirin gwangwani mai kauri ake sawa, a San Benedetto del Tronto ɗanyen koren tumatir da tattasai da ruwan khal mai yawa, a Porto Recanati kuwa babu tumatir sam, wani fure mai rina miya rawaya da suke kira zafferanella ake sawa.

Kowanne daga cikin waɗannan yana neman abin sha daban, ko da kifin ɗaya ne. Na Porto Recanati, da yake ba shi da tsamin tumatir, yana karɓar Verdicchio mai kaifi ba tare da gardama ba. Na San Benedetto, wanda tsami ya riga ya cika shi, idan aka ƙara masa sabuwar Matelica sai tsami ya hau kan tsami baki ya gaji, don haka an fi ba shi wadda ta nuna ta yi laushi. Na Ancona da na Fano masu jan romo suna da nauyin da sabuwar giya marar jiki ba ta iya tsayawa a gabansa, sai Superiore, wato nau'in Verdicchio mai ƙarin jiki, ko Riserva, kuma a nan ne mutanen wurin da kansu suke karya dokar da baƙi suka haddace, domin da yawa suna shan ja marar bauri sosai ko mai launin hoda da wannan miya, ba wanda yake ganin sun yi kuskure.

Mafi sauƙin haɗi shi ne na moscioli, wasu halittu masu baƙin ɓawo biyu da ke manne da duwatsun Portonovo a gindin tsaunin Conero kusa da Ancona, waɗanda ba kiwon su ake yi ba, masu nutso ne suke ɓamɓaro su a lokacin zafi. Ana buɗe su a wuta da ɗan mai da tafarnuwa da ganyen fasili, ruwan da suke fitarwa kuwa gishirin teku ne zalla da ɗan zaƙi. Sabuwar Verdicchio ta Jesi ita ce abokiyarsu, tsaminta yana wanke gishirin, ɗan ɗacin almon ɗin nan na ƙarshe kuma yana hana zaƙin naman ya gundura. Haka abin yake da ƙananan kifin da ake barbaɗa wa fulawa a soya a mai mai zafi, inda matsalar ita ce maiƙo, maganinta kuma tsami ko kumfa, shi ya sa ake yin Verdicchio mai kumfa ma. Kifin da aka gasa a gawayi da garin burodi da mai, kamar yadda ake yi a wannan gaba, ƙauri da ɗan ɗacin ƙuna yake kawowa, ɗaci kuma ba ya son ɗaci, don haka wadda ta fi laushi da jiki ta fi dacewa da shi.

Akwai wani abinci a Ancona da ɗan Najeriya zai gane shi tun daga ƙanshi. Busasshen kifin nan na Norway mai tauri kamar itace, wanda ake shanyawa a iskar tsibiran Lofoten ba tare da gishiri ba, wanda kuma ake sayarwa a kasuwanninmu da sunan okporoko ko panla, shi ne Italiyawa suke kira stoccafisso, kuma Italiya da Najeriya su ne manyan masu sayensa a duniya. Ana danganta shigarsa Italiya da wani ɗan kasuwar Venice, Pietro Querini, wanda jirginsa ya halaka ya tsira a tsibirin Røst na Norway a 1432. Mutanen Ancona suna jiƙa shi kwanaki suna sauya ruwa har ya yi laushi, su shimfiɗa 'yan sandunan gora a gindin tukunya don kada ya kama, su jera kifin, su rufe shi da manyan yankan dankalin turawa da tumatir da man zaitun mai yawa, su zuba Verdicchio a cikin romon, sannan su bar shi a ƙaramar wuta sa'o'i. Abinci ne mai nauyi da maiƙo da ƙarfin ƙanshi, wanda ya fi kusa da nama a baki fiye da kifi, kuma a gabansa ne tsohuwar Riserva take nuna abin da manoman shekarun 1980 suka gano, domin tana da jikin da zai tsaya masa, tana kuma da sauran tsamin da zai yanke man.

Wannan tsari yana da iyaka, iyakarsa kuwa ita ce yaji. Girkin kifi na Marche ba ya son barkono sai ɗan kaɗan, kuma duk ƙa'idojin da aka ambata an gina su ne a kan haka. Barasa tana ƙara zafin barkono a baki maimakon ta rage shi, barkono mai yawa kuma yana rufe ƙanshin lemo da furannin da aka sha wahalar nema, don haka abin da ya dace da brodetto ba zai dace da farfesun kifi mai attaruhu ba, kuma mai hidimar otal da ya haddace cewa fara ta kifi ce ya tsaya a nan zai ba baƙonsa shawarar da ba ta da amfani.

Italiyawa da kansu ba su taɓa dogara da giya kaɗai don samun wannan tsami ba. Tun zamanin da, kafin lemo ya wadata a kasuwanninsu, suna matse ɗanyen inabin da bai nuna ba su sami wani ruwa mai kaifi marar barasa da suke kira agresto, wanda ake zubawa a kifi da nama, kuma har yau ana yin sa a wasu garuruwan jihar Toscana. Mutanen Iran da na Sham ma suna da irinsa a girkinsu. Babban sinadarin tsamin da ke cikin inabi, wanda ake kira tatarik, ba kasafai ake samun sa da yawa a 'ya'yan itace ba, amma tsamiya tana cikin 'yan kaɗan da suke da shi a wadace, har ta fi inabin. Mai girkin da ya jiƙa tsamiya ya tace, ya sassauta ta da ruwa mai sanyi ba tare da ya cika mata sukari ba, ya ajiye ta a gefen soyayyen karfasa ko gasasshen giwan ruwa, zai samu yankan maiƙo da kashe ƙarni iri ɗaya da wanda ake nema a Verdicchio, sai dai ya kula da ma'auni, domin kifin da aka riga aka jiƙa da lemon tsami ko aka dafa da tumatir mai yawa ba ya buƙatar tsamiya mai kauri, sassauƙa ce za ta yi masa.